Bidiyon haylayit na kurket, akwai daɗin kallo amma da gyara

Gaskiya tashoshin nan masu yanko haylayit na kurket a YouTube suna ƙoƙari, hoto tas, ba sa cin data sosai, amma matsalata da su ɗaya ce, bugu mai kyau kawai suke nunawa. Ka ɗauki James Vince na Ingila, wallahi in ka ga yadda yake sakin hannu ya bugi ƙwallo sai ka rantse babu kamarsa, alhali wasan Test (dogon wasan ƙasa da ƙasa mai kaiwa kwana biyar) 13 ya buga bai taɓa cin maki 100 a bugu ɗaya a cikinsu ba, mafi yawa 83 ne a birnin Brisbane na Ostareliya a 2017, abarejinsa, wato matsakaicin makinsa, bai ma kai 25 ba. Abin yana damuna sosai. Don Allah ku riƙa nuna yadda ake fitar da masu bugun ma, wato lokacin da suka yi asarar damar bugu.