Injiniyan gini ko harkar filaza, wanne ya fi wa mace?

Maman Ilham, kin ce ƴarki na SS3 ta rasa wanda za ta cike a JAMB, civil engineering ko estate management. To ga yadda nake ganinsu.

Injiniya dai shekara 5 ce a ABU ko BUK, da SIWES (zuwa koyon aiki a ma'aikata) a ciki, kuma ko ta gama ba yau za ta fara sa hannu a zanen gini ba, sai ta yi wasu shekaru a ƙarƙashin manya kafin COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya, ta mata rajista. Aikin lissafi ne zalla, rodi mai kauri nawa za a sa a pila, dakin (decking) zai ɗau nauyi ko ba zai ɗauka ba. Sannan ga sait, rana, ƙura, hular kwano a kan hijabi, ga magini da zai ce mata shekara 20 yana zuba kankare wai yarinya ce za ta koya masa. Dole ta iya cewa a fasa a sake ko mai gini zai yi fushi, don kin tuna benen Ikoyi mai hawa 21 da ya rufta a 2021, sama da mutum 40 suka rasu. Amma mata na ciki sosai, ƙungiyar mata injiniyoyi APWEN tun 1982 take, kuma a 2024 Margaret Oguntala ta zama mace ta farko da ta shugabanci NSE, ƙungiyar injiniyoyin Najeriya.

Ita kuwa harkar filaza da shaguna da ofisoshi baki ne da jama'a da riƙon amana. Kimanta kuɗin gini, nemo ƴan haya, bin C of O (takardar mallakar fili) a ofishin filaye na KANGIS a Kano ko AGIS a Abuja, rajistarta kuma a hukumar masu kimanta gidaje da filaye ce, wato ESVARBON. Kuɗi na iya shigowa da wuri ta la'ada, sai dai wata ɗaya ki samu wata uku shiru, ga dillalai da ba su shiga aji ba suna gogayya da ke kan kwastoma ɗaya, wani ma ya zagaye ki bayan ke kika sha wahalar nuna shagon.

Ni dai in lissafi da physics ba sa ba ta tsoro ta ɗau injiniya. Injiniya na iya komawa harkar gidaje daga baya, har ta fi wasu gane ginin da aka yi wa ha'inci, amma mai estate ba ta da ikon sa hannu a lissafin bene. In kuwa lissafin da ƙyar take ci, don Allah kar ki matsa mata saboda a ce Engr.