Sharhi kan ziyarar Lambun Kew na Landan

Lambun Kew yana kudu maso yammacin Landan, a gaɓar kogin Thames, kuma bayan na biya kuɗin shiga na zagaya iya abin da ƙafata ta iya kaiwa, ra'ayina shi ne wurin ya cancanci kuɗinsa, amma da sharaɗin mutum ya ware masa yini guda cur. Faɗinsa ya kai eka 300, saboda haka duk wanda ya shiga da niyyar ɗaukar hoto a gaban furanni ya fita cikin awa biyu, ya yi asarar tikitinsa. Wannan ne ma babban ƙorafina a kan kamfanin yawon buɗe ido da ya shirya mana tafiyar, domin ya cusa Kew cikin jerin wuraren da za a leƙa a rana ɗaya, jagoran kuma yana ta duba agogo tun daga bakin ƙofa. Da muka ga haka, ni da abokin tafiyata muka sallame shi, muka ce za mu koma masauki da kanmu a jirgin ƙasa na layin District, wanda tasharsa ba ta da nisa da ƙofar lambun da ake kira Victoria.

An kafa lambun a 1759 a ƙarƙashin Gimbiya Augusta, mahaifiyar Sarki George na Uku, ya zama na ƙasa a 1840, sannan hukumar UNESCO ta sanya shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2003. Tsufansa ya fi bayyana a ginin ƙarfe da gilashi da suke kira Palm House, wanda Decimus Burton da Richard Turner suka gina tsakanin 1844 da 1848, kuma a nan na fi daɗewa. Da zarar an tura ƙofa sai zafi da danshi su tari mutum, tabarau ya yi hazo, rigar sanyin da aka shigo da ita ta zama kaya. A ciki akwai ayaba da koko da kwakwar manja da itacen roba, kowanne da ƙaramin allo mai ɗauke da sunansa na kimiyya da ƙasar da ya fito. Na tsaya ina kallon wata Baturiya tana nuna wa ɗanta 'ya'yan koko da suka fito a jikin kututture, yaron kuwa ya ƙi yarda cewa daga nan cakulan yake samo asali. Akwai matakala mai murɗawa da ke kaiwa wani baranda a sama, inda ake ganin ganyayen daga bisa, sai dai zafin can ya fi na ƙasa, kuma mai hawan jini gara ya haƙura. A wannan ginin ne kuma ake ajiye da wata tsohuwar shuka mai kama da gajeren dabino, wadda Francis Masson ya kawo daga Afirka ta Kudu a 1775, har yau tana raye a cikin tukunya, an tokare ta da ƙarafa saboda ta kwanta gefe guda.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne Kew bai taɓa zama wurin shan iska kawai ba. A 1876 Henry Wickham ya kwaso irin itacen roba kusan 70,000 daga Brazil ya kawo nan, aka tsirar da kaɗan daga ciki, aka aika da dashen zuwa Silon (Sri Lanka ta yanzu) da Singafo, kuma daga wannan ne gonakin roba na kudu maso gabashin Asiya suka bunƙasa har suka karya kasuwar Brazil. Haka ma itacen da ake samun kwinin, maganin zazzaɓin cizon sauro, daga ɓawonsa, lambun yana da hannu wajen kai shi Indiya daga tsaunukan Andes. Wanda ya san wannan tarihi ba zai kalli waɗannan gine-gine a matsayin ado ba, zai gane cewa wani reshe ne na tattalin arzikin daular Birtaniya. Mu ma muna da alaƙa da wurin: likitan nan J. M. Dalziel, wanda ya yi aiki a Arewacin Najeriya ya kuma wallafa ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa a 1916, daga baya ya yi aiki a Kew tare da John Hutchinson wajen rubuta littafin tsirran Afirka ta Yamma. Busassun samfuran tsirrai sama da miliyan 7 suna ajiye a ma'adanar lambun, amma wannan sashe na masu bincike ne, tikitin yau da kullum ba ya kai mutum can.

Temperate House, wani ginin gilashi na tsirran ƙasashe masu matsakaicin yanayi, wanda aka sake buɗewa a 2018 bayan gyaran shekara 5, ya fi Palm House girma da haske, kuma iskarsa ta fi daɗin shaƙa, ko da yake a ganina bai kai shi kwarjini ba. Ginin Gimbiyar Wales na 1987 kuwa an raba shi zuwa yanayi 10, mutum ya fita daga sashen hamada mai ƙayoyi ya faɗa na dausayi cikin 'yan taku. Hasumiyar nan mai hawa 10 irin ta Sin, wadda William Chambers ya gina a 1762, daga nesa na gan ta. Gadar da aka ɗaga mita 18 a tsakanin rassan itatuwa tana ɗan motsi idan iska ta kaɗa, kuma hakan da gangan aka yi, amma abokin tafiyata bai saki ƙarfen gefe ba har muka sauko.

Ga mai shirin zuwa, kuɗin tikiti yana canzawa da lokacin shekara, kuma saye ta intanet tun kafin ranar ya fi sauƙi. An yarda mutum ya shigo da abincinsa ya zauna a ciyawa ya ci, wanda hakan taimako ne ga mai kula da halal da kuma mai tattalin aljihu. Jiragen sama masu sauka a Heathrow suna ratsawa ta sama a kai a kai, saboda haka kada a sa ran cikakken shiru. A lokacin sanyi ana rufewa da wuri domin rana tana faɗuwa tun wajen ƙarfe 4, don haka watannin Afrilu zuwa Satumba sun fi dacewa, a tafi da takalmi mai laushi da laima, a kuma fara da gine-ginen gilashi tun da safe kafin 'yan makaranta su cika su.