Glassdoor ya taimaka min kan maganar albashi

Duk wanda yake zargin ana danne shi a wajen aiki ya leƙa Glassdoor, shafin intanet ne da ake duba albashin da kamfanoni ke biya, kuma kyauta ne. Ma'aikata da kansu suke sa albashinsu ba suna, kai ma sai ka sa naka kafin a buɗe maka sosai. Ni a ofis ɗinmu aiki ɗaya muke da wani, tebur ɗaya ma, amma ranar albashi alat ɗinsa ya fi nawa nesa ba kusa ba, wallahi abin yana ci min rai sosai. Da na ga abin da ake biyan masu irin matsayina sai na samu bakin yi wa oga magana. Sai dai na fi ganin kamfanonin Legas, namu na Arewa kaɗan ne.