Bais ɗin Kurt da sauran kayan injin milin ƙirar Amurka: wanne ya ci kuɗinsa?

Injin milin irin na Bridgeport, mai sassaƙa ƙarfe, ba ya aiki shi kaɗai. Sai da bais mai matse ƙarfen da za a yanka, da kolet mai riƙe bakin yanka, da cok mai riƙe bakin diril, da kayan danne aiki a kan tebur. A Amurka, inda aka fara ƙera wannan inji a 1938 a garin Bridgeport na jihar Connecticut, kasuwar waɗannan kaya ta cika maƙil da masu araha da ake shigowa da su, yawanci daga China da Indiya. Ƙirar gida, wato ta Amurka, tana nan ga mai nema, sai dai ba kowane abu ne ya isa a ninka masa kuɗi ba. Wanda kuskurensa ke sauka kai tsaye a jikin aiki, shi za a fara canzawa, kuma bais ne a sahun gaba.

Kamfanin Kurt na Minneapolis, jihar Minnesota, shi ne zakara a nan. Tsohon samfurinsa D688 mai faɗin inci 6 yana buɗewa inci 8.8, sabon da ya gaje shi, DX6, yana kaiwa inci 9. Sirrinsa yana cikin muƙamuƙi mai motsi. Notin da ke tura shi yana da fuska a karkace, wadda ke danna wani ɗan rabin ƙwallo na ƙarfe, sai ƙarfin matsi ya rabu biyu, wani ya yi gaba, wani ya yi ƙasa. Kamfanin na kiran wannan tsari AngLock, kuma lissafinsa shi ne duk laba ɗaya ta matsi tana zuwa da rabin laba na dannawa ƙasa. Amfaninsa shi ne muƙamuƙin ba ya ɗagawa ya tafi da aikin sama.

Masu kwaikwayo sun ɗauki wannan tsari kaf, har launin fenti. Daga nesa ba ka bambanta su. Kwance ɗaya ka gani: mazaunin rabin ƙwallon yakan zo da kaushi yadda aka zubo shi, wani lokaci da ragowar yashin zubi a lungu, don haka ƙwallon ya cije maimakon ya sulɓe, muƙamuƙi ya ɗaga. Na biyu, ƙarfen jikin. Kurt na amfani da ƙarfen zubi mai jure lanƙwasa, mai ƙarfin laba 80,000 a kowane murabba'in inci, na araha kuwa sau da yawa ƙarfen zubi ne mai gautsi, kuma siriri a inda ido ba ya kaiwa. Idan aka ɗaure da ƙarfi, muƙamuƙi na tsaye sai ya ɗan ja baya, ma'aunin da ka kafa a kansa ya gushe. Na uku, tsayin gado, wato shimfiɗar da aiki ke zama a kai tsakanin muƙamuƙai. A bais ɗin Kurt mai inci 6, tsayin inci 2.875 ne, bambancin bai wuce 0.0005 ba, shi ya sa ake jera biyu a tebur ɗaya su riƙe doguwar sanda ba tare da an cusa wa ɗaya takarda a ƙasa ba.

Gwajin ba wuya. Ɗora guntun ƙarfe mai kusurwa daidai a kan matasan ƙarfe guda biyu (siraran sanduna masu tsayi ɗaya da ake sa wa aiki a ƙasa cikin bais), sa kan agogon awo a samansa kusa da muƙamuƙi mai motsi, sannan ka ɗaure yadda ka saba. Abin da allurar ta motsa, shi ne ɗagawar. Daga nan ka ɗan buga aikin da hamar roba, ka taɓa matasan da yatsa. Idan ɗaya na zamewa, aikin bai zauna ba, kuma fuskokinsa biyu ba za su fito a layi ɗaya ba komai gwanintar mai yanka. Bais mai araha yakan gyaru kaɗan idan aka wanke shi, aka goge mazaunin ƙwallon, aka sa giris, aka daidaita sukurin da ke bayan muƙamuƙi. Ƙarfen jikinsa dai ba ya gyaruwa.

Shi ma Kurt yana da nasa. Nauyinsa ya kai kilo 30, ɗora shi da sauke shi aiki ne. A teburin Bridgeport mai faɗin inci 9 yana leƙowa gaba da baya, idan ba a lura da inda aka kafa shi ba yakan ci wani abu daga tafiyar tebur zuwa ciki. Ƙaramin injin kan benci bai dace da shi ba sam, gara mai inci 4. Gindi mai juyawa daban ake sayensa, kuma yawancin aiki bai buƙace shi ba, tsayi kawai yake ci. Abin da ya rufe waɗannan duka shi ne ana samun kayan gyaransa, daga boris ɗin sukuri har rabin ƙwallon, ko da bais ɗin ya shekara talatin.

Sai kolet. Na Bridgeport shi ne R8, wanda doguwar ƙusa mai zaren 7/16-20 ke ja daga sama. Matsalar na araha ita ce rashin tabbas: a saiti ɗaya wani ya fito lafiya, na kusa da shi yana rawa. Kada a raina wannan rawar. Ɗauki bakin yanka mai haƙori biyu, kowane haƙori an tsara ya ci inci 0.001. Idan agogo ya nuna rawar 0.001 kuma ta faɗo ta gefen haƙori, ɗaya zai ci 0.002, ɗayan ya wuce a banza. A ƙaramin baki na kabaid mai inci 1/8, karyewa ce ke biyo baya, a ɗora wa bakin laifin da ba nasa ba. Kafin a zargi kolet, a fara auna cikin ramin sandar juyi ita kanta, inda kolet ke shiga, a goge ta tas, sannan a ɗaura miƙaƙƙen fil, a auna a bakin kolet, a sake aunawa inci ɗaya ƙasa. Wasu na araha kuma kwarmin da ɗan makullin cikin sanda ke bi bai yi zurfi ba, sai su ƙi shiga. Kada a tilasta, makullin ne zai karye. Akwai kuma masu zuwa da zaren M12 na awon milimita, wanda zai lalata ƙusar inci idan aka matsa.

Sunan da aka sani a kolet ƙirar Amurka shi ne Hardinge na Elmira, jihar New York. Ba sai an sayi saiti guda ba. Wutsiyar yawancin bakunan yanka 3/16 ce, ko 1/4, 3/8, 1/2, 5/8 da 3/4. Waɗannan shida nagartattu sun fi ashirin da biyar na akwati amfani, tunda R8 girman da aka rubuta masa kaɗai yake riƙewa da kyau.

A kan cok ne mai neman ƙirar gida ya fi shan mamaki. Jacobs sunan Amurka ne tun 1902 a Hartford, amma an daɗe da mayar da yawancin ƙirarsa China, shi ya sa maƙera ke farautar tsofaffin Super Chuck, irin 14N da 16N, masu tambarin Hartford a jiki. Wanda yake son sabo mai kyau yakan ƙare a Albrecht, wanda na Jamus ne: ba na gida ba, amma ba na araha ba. Ko wanne ne, ba a sa bakin yanka a cok na diril, domin cizon ƙarfe da ƙarfe kawai ke riƙe cok ɗin a wutsiyarsa, turin gefe kuwa yana kwance shi.

Suna fa ba shaida ba ne. Starrett na Athol, jihar Massachusetts, yana can tun 1880, amma yana da masana'antu a Brazil da China, don haka kowane kaya sai an duba nasa rubutun. Dokar kwastan ta 1930 ta wajabta rubuta ƙasar asali a kan kayan da aka shigo da su, kuma ƙa'idar FTC, hukumar kula da kasuwanci ta Amurka, ita ce ba a kiran kaya ƙirar Amurka sai dukansa ko kusan dukansa a can aka yi. Kalamai irin su "an tsara a Amurka" ko hoton tuta a kwali ba su cika wannan sharaɗi ba. Idan kundin mai sayarwa bai faɗi ƙasa ba, a tambaya kafin a biya. Manemin gefe, ɗan ƙarfen da ake gano bakin aiki da shi, na Starrett mai lamba 827A, wanda kaurin kansa inci 0.200 ne, yana cikin ƙananan abubuwan da suka ci kuɗinsu: a juyi kamar 1,000 a minti yana ballewa gefe farat ɗaya, ka matsa 0.100, wato rabin kaurin kan, ka samu bakin aiki. Na araha yakan yi ta jan ƙafa saboda fuskokinsa ba su sha guga sosai ba.

Kayan danne aiki kuwa, a nan araha ba ta cika cutarwa ba. Matakala da sandunan dannewa na waje suna yi. Abin lura shi ne notin T mai shiga kwarmin tebur na inci 5/8, da ƙusoshinsa masu zaren 1/2-13. Noti na kirki, irin na Te-Co na jihar Ohio, an toshe zarensa na ƙarshe don kada ƙusa ta zarce. Idan ta zarce ta tokare ƙasan kwarmi, tana iya ɓalle leɓen tebur, ɓarnar da ta fi kuɗin saitin nesa. Wanda yake da na araha ya gwada kowane noti da hannu, wanda ƙusa ta fita ta ƙasansa ya daddage zaren ƙarshen da fonci. Matasai da tubalan 1-2-3 (tubalan ƙarfe masu awon inci 1 da 2 da 3) na waje su ma ba laifi, muddin an bi su da maikiromita an ware waɗanda ba su yi daidai da abokansu ba.

A kasuwar na hannu ake samun ƙirar gida da sauƙin kuɗi, musamman idan wani shago ya rufe aka yi gwanjon kayansa. A tsohon bais, ramukan diril a kan gado ba su cika hana aiki ba, tsagewa a gindin muƙamuƙi na tsaye ko a kunnen ɗaurewa ita ce ke sa a bar shi. Tsohon kolet a leƙa cikinsa da fitila: idan akwai zobe mai sheƙi, wani baki ya taɓa juyawa a ciki ya cinye shi, ba zai ƙara riƙewa daidai ba.