Masu gadin kamfani ko kyamara: wanne ya fi tsare filin sayar da motoci?

Alhaji, ka ce motocin filinka sun ƙaru, kuɗin da ka ware wa tsaro kuma ba zai ɗauki komai da komai ba, shi ya sa kake tambaya: ka ɗauko masu gadi daga kamfanin tsaro, ko ka zuba kuɗin a kyamarori da na'urar bin sawu, wadda ake maƙala wa mota don a san inda take? Amsata a taƙaice ita ce masu gadi, amma da sharuɗɗa.

Mu fara da irin satar da ake yi. Ɓarawon da ya tuƙa mota sukutum ya fita da ita shi ake ba da labarinsa, amma da yawan masu haurowa ba motar suke so ba. Madubin gefe suke nema, ko batir, ko fitilun gaba, ko su kwance tayoyi huɗu su bar motar a kan bulo. Ga kuma tukunyar nan ta jikin salansa mai tace hayaƙi, wadda ke ɗauke da ƙarafa masu tsada irin su filatinam da faladiyam da rodiyam. Mutum zai kwanta a ƙarƙashin mota da zarto mai batir, cikin 'yan mintoci ya yanke ta ya sulale. In motar mai tsayi ce, ko jak ba ya buƙata.

A nan kyamara ba ta da ƙarfi. An jera motoci layi-layi, gefen wannan na gogar gefen waccan, wanda ya kwanta a tsakaninsu ya ɓace mata. Ko ta kama shi, abin da za ka samu da safe hoton mutum ne ya rufe fuska da hula, kayan kuma sun riga sun shiga kasuwa. Sai fa in ka biya a zauna ana kallon ta duk dare, da lasifikar da za a daka wa ɓarawo tsawa, wannan kuwa kuɗinsa daban. Shi mai gadi yana da kunne. Ƙarar zarto a kan ƙarfe da tsakar dare ba ta ɓuya, kuma ganin hasken tocila na yawo tsakanin layuka ya isa ya sa mai leƙe ya nemi wani filin.

Satar mota gaba ɗaya kuwa yanzu ba a cika fasa gilashi ba. Motocin da ake tayarwa da maɓalli, mutum biyu kan zo da na'ura: ɗaya ya tsaya jikin bangon ofis inda aka rataye makullai ya janyo siginar rimot, ɗaya ya tsaya jikin motar, sai ta buɗe kamar mai ita ne ya zo. Wasu kuma su jona na'ura a soket ɗin da makanike ke duba lafiyar mota, ƙarƙashin sitiyari, su haɗa wa kansu sabon makulli. Na'urar bin sawu aikinta sai bayan an tafi da motar, kuma ɓarayin sun san da ita: ko su toshe siginarta, ko su ajiye motar a wani lungu kwana biyu su ga ko za a biyo. Amma duk wayonsu, motar ba ta tashi sama. Dole ta bi ta ƙofa, ƙofar da ke da sarƙa da turakun ƙarfe da mutum a tsaye.

To amma mai gadi ɗan Adam ne. Barci kan sace shi gabanin asuba. In kullum a lokaci guda yake zagayensa, wanda ya yi kwana uku yana lura ya gama haddace shi. In shi kaɗai ne, mutum huɗu za su ɗaure shi. Abin da ya fi muni, da ɗan gari akan ci gari: mai gadin da ya shekara a wuri ɗaya ya san inda makullai suke kwana, ya san ranar da sababbin motoci ke sauka. Kyamara ba ta barci, ba a saye ta da na goro. Cikas ɗinta wuta da intanet, da kuma masu ajiye akwatin naɗar hoton a ofis, ɓarawo ya haɗa da shi ya tafi.

Wannan ne ya sa na ce na kamfani, ba wanda ka ɗauka da kanka ba. Kafin ka sa hannu, ka ga lasisinsu, ka ji yadda suke tantance ma'aikata. A rubuta cewa za a riƙa sauya masu gadin lokaci-lokaci, mai duba aiki zai riƙa faɗo musu cikin dare ba sanarwa, kuma za a kafa alamomi a kusurwoyin fili waɗanda mai sintiri zai taɓa da na'ura don a san ya je da gaske. A rubuta wanda zai biya in an yi asara saboda sakacinsu, ka kuma ga takardar inshorarsu da idonka. Kamfanin da ya fara kame-kame a kan wannan, ka bar shi.

Akwai satar makulli da duka biyun ba sa hanawa, ta rana tsaka. Mai saye ya zo fes-fes, ya karɓi makulli ya gwada mota, ya miƙo maka wani rimot mai kama da shi, na gasken yana aljihunsa, da dare ya dawo. Maganinta yaronka ya danna rimot ɗin a gaban mutumin kafin ya bar wurin, mai gadin ƙofa kuma ya rubuta lambar shasi, mai haruffa da alƙaluma 17, ta duk motar da ta fita ko ta dawo.

Da ni ne kai, zan ɗauki masu gadi biyu na dare, in sa kyamara ƙalilan a ƙofa da inda makullai suke, hotonsu na zuwa wayata. Makullan kuma su kwana cikin akwatin ƙarfe mai rufe sigina, nesa da bangon waje, kuma kada mabuɗin akwatin ya shiga hannun masu gadi.