Tsohon soron 'yan kokowa da ya koma gidan abinci

Wanda ya san ginin ƙasa na Damagaram, da shigarsa zauren nan na cikin Birni zai gane aikin magina ne na gado. A da nan 'yan kokowa ke ajiye kaya, su yi ɗamara kafin su fita fili. Yanzu tabur 8 ne a ciki, ana cin dambu da gasasshiyar zabuwa.

Rufin ya fi komai burge ni. Masu gidan abincin ba su yaye shi sun ɗora kwano ba. Azarar da gara ta ci aka zare ɗaya bayan ɗaya, aka maye da sabuwa ta giginya, aka bar bakan gizon, wato lanƙwasasshen ginin da ke ɗauke da rufin, yadda yake, don azara ba ta haye fiye da kusan mita 2 ba tare da madogara ba. Inda bango ya tsage, tubali suka saƙa da ƙasa mai ramno, wato ciyawar cuɗa ƙasar gini, wadda ta kwana ta ruɓa, sannan aka yi yaɓen makuba a waje. Da azahar a watan Afrilu za ka zauna ciki da fanka ɗaya, ba ka jiƙe da zufa ba.

Madafa kuwa sun kyauta da suka fitar da ita tsakar gida, hayaƙin gawayi bai taɓa zanen bango ba.

Matsalar tana wurin wanke hannu. An manna shi jikin tsohon bango, aka binne tiyo a ciki, aka shafe gindin da siminti kamar santimita 60. Siminti ba ya barin ƙasa ta yi numfashi. Damshi yana taruwa a bayansa ya hau sama, har gishiri ya fara fitowa fari-fari a bakin shafen. Ƙwanƙwasa wurin ka ji yana amsawa kamar ƙwarya. Idan ba a sassaƙe simintin an fito da tiyon waje ba, damina za ta zubar da shi. Indararo biyu na gabas ma sun yi gajarta, ga shi ta nan ruwa ke bugowa. A ƙara masu tsawo su riƙa zuba nesa da gindin bango.

Dambun da zogale ya ji man gyaɗa daidai, zabuwar ta ɗan bushe. Sun ajiye tanki saboda yankewar pampo, abin da duk mai gidan abinci a garin nan ya kamata ya fara tanada. Ku je da rana, lokacin ne ake ganin aikin rufin sosai.