Man kaɗanya: na gargajiya ko tacacce?

Mai haɗa sabulu ko man shafawa a gida iri biyu zai tarar a kasuwa: na gargajiya da mata ke dafawa, da tacacce na masana'anta, fari fat.

Ga fata, na gargajiya ya fi, domin ba a rage masa sinadaran da ke tausasa kaushi da faso ba. Sai dai a duba da kyau. Mai kyau launinsa kamar na madara ne da ɗan rawaya-rawaya, yana ɗan ƙanshin hayaƙi, da an murza shi a bayan hannu kuma sai ya narke. In an ji tsami ko an ga baƙin ɗigo-ɗigo, to ruwa aka bari a ciki, ko ƙwarar ta yi fumfuna kafin a soya. A bar shi ko da araha yake.

Tacacce ba shi da wari, ya fi daɗewa, kuma ba ya danne turare. Ga sabulu ya wadatar, tunda sodar haɗa sabulu (caustic soda) ke cinye yawancin man.

Kowanne aka ɗauka, kada ya wuce kashi 20 cikin 100 na mayukan sabulun, don shi kaɗai ba ya kumfa sai an haɗa da man alayyadi. Gram 100 na man yana cin soda kusan gram 13. Na shafawa kuwa, in an narkar, a sanyaya shi da sauri, in ba haka ba ya yi tsaki-tsaki.